Wanda Zai Goya Ta Idan Ruwa Ya Zo

Shu'ibu mai wankin hula ya sayar da tattabarunsa kaf, ya sayi rabin buhun siminti da sandar ƙarfe. Ni na jawo. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba sai yau da nake rubuta muku da yatsa ɗaya.

Sunana Ari. Shekaruna saba'in da ɗaya. Na yi fito a kogin Haɗeja fiye da shekara talatin, na noma shinkafa a fadama, ban taɓa roƙon wani ya kama mini kaya na ɗora a ka ba. Karatun boko na yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban gama ba. In kun ga kuskure ku tsallake, ba gyara na zo nema ba.

Ina da 'ya. Sunan mahaifiyata ta ci, Yagana, saboda haka ba na kama sunan, Uwata nake ce mata. Shekarunta talatin da takwas. Shekara tara ke nan da babur ya kayar da ita a hanyar Miga, ƙafafunta suka daina jin magana. Mijinta na wancan lokacin ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi. Ya yi haƙurin wata goma sha ɗaya, sannan ya kawo mini ita a bayan a-kori-kura, da akwatinta da takardarta. Tun daga ranar ni ne ƙafarta. Ƙanwata 'Yar'azumi, da ke zaune da mu tun rasuwar matata, ita ke yi mata wanka da sauran abin da ya shafi mata. Ɗauka kuwa, daga gado zuwa keke, daga keke zuwa tabarma, wannan nawa ne. Ba na bar wa kowa.

Uwata ba ta zaman banza. Hula take ɗinkawa, kuma hannunta ya yi suna har Kano da Maiduguri, ta waya ake aiko mata da zanen da ake so. In ta gama hula sai an wanke, an sa mata sitaci, an buga a kan gungume kafin a aika. Ta nan Shu'ibu ya shigo. Duk Laraba yakan tsaya a zaure, 'Yar'azumi ta miƙo masa huluna a leda, Uwata ta yi masa bayani daga tsakar gida, murya kawai. Shekara biyu ana haka.

Bari in kwatanta muku shi yadda yake a lokacin. Shekarunsa arba'in da bakwai, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu sun yi aure. Hannuwa kamar sillen kara, ga ɗan tumbi a gaba kamar ya haɗiye ƙoƙo. Abu uku aka san shi da su a unguwarmu ta bakin kogi. Tattabaru, sun fi sittin, a tukwanen da ya jera a jikin katanga. Dara, shi da amininsa Gambo, a gindin darbejiya daga la'asar har kiran magariba. Sai fatsa ranar Juma'a da safe, ya zauna awa uku ya dawo da ƙananan kifi biyu yana murmushi. Duk bayan la'asar, kafin ya tafi darar, yakan saki tsuntsayen nan su zaga saman gidanmu sau uku su koma. Na ɗauka hanyarsu ce. Uwata kan ajiye allura ta ɗaga kai har su wuce. Wannan ma na ɗauka hutun ido ne.

Bayan girbi, sai ga shi da Gambo da Liman a zaurena, neman auren Uwata. Liman ya yi doguwar shimfiɗa, Gambo ya ƙara da cewa mutumin nan ba ya faɗa, ba ya rantsuwa, ko tattabararsa ba ya yankawa sai ya kau da kai. Shi kuwa yana tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Da ya zo miƙewa don ya gyara zama, sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu. Na gani.

Sai ku san yadda gidanmu yake kafin ku ji abin da na ce. Lungunmu siriri ne, mutum biyu ba sa jerawa. Daga ƙofata zuwa jingar da ke tare ruwa taku ɗari uku ne da 'yan kai. In kogi ya ɓalle, keken Uwata ba ya tafiya a taɓo, kwale-kwale kuma ba ya shiga lungun sai ruwa ya kai ƙugu, a lokacin kuwa katangu sun fara zubewa. Hanya ɗaya ce, goyo. A ambaliyar da aka yi shekara uku da suka wuce ni na goya ta, kowa a unguwa ya sani.

Na dubi Shu'ibu na ce, "Kai, in ruwa ya zo, za ka iya goya ta daga nan zuwa jinga?"

Gambo ya yi 'yar dariya don ya sassauta zancen, ni ban yi ba. Na ce ranar da ya iya, ya dawo, na ba shi. Na ƙara da cewa kafin wannan ranar, babu namijin da ba muharraminta ba da zai taɓa ko gefen zaninta ina raye. Kora na yi. Duk wanda ke zauren ya san kora ce, ban da mutum ɗaya.

Ya ɗago ya ce, "Baba, a gaban Liman kuka faɗa."

Na ce a gaban Liman na faɗa. Magana zarar bunu ce.

Kwana huɗu bayan nan tattabaru suka tafi kasuwa a cikin kwanduna. Ya zuba siminti a gwangwanayen fenti biyu, ya ratsa sandar ƙarfe a tsakani, ya share wurin da tukwanen suke ya ajiye. Ranar farko da ya ɗaga, baya ya riƙe, ya yi sati yana sallah a zaune. Na ji labari na ci tuwona da daɗi. Allah Ya yafe mini.

Na zaci shi ke nan. Ashe asibiti ya je aka gwada jininsa, aka ce ya bi a hankali. Daga nan ya tafi wajen samarin da ke ɗaga ƙarfe a bayan tasha, sa'o'in 'ya'yansa, ya zauna yana tambayarsu kamar ɗalibi. Su suka gaya masa goyo ba aikin damtse ba ne, aikin cinya ne da gadon baya. Sai ya koma tsugunnawa da miƙewa, da fari shi kaɗai, daga baya da jarkar ruwa a rungume, daga baya da buhun yashi a wuya. Bayan sallar asuba awa ɗaya, bayan la'asar awa ɗaya. Lokacin tsuntsaye da lokacin dara ke nan. Ya ce wa Gambo abu biyu ba sa shiga yamma ɗaya.

Gambo bai yafe ba. Kullum yana gindin darbejiya shi kaɗai, yana share ramukan dara da tsinke. In Shu'ibu ya wuce da buhunsa sai ya ɗaga murya ya ce ga angon yashi nan, a ba shi hanya. Wata rana ya tare ni bayan sallar azahar, ya ce na raba shi da abokin shekara ashirin, yanzu da wa zai yi wasa, da akuya? Na ce ya je ya koya mata. Ya ce wallahi akuyar ma ta fi ni sauƙin kai. Na wuce. Sa'an ƙanena ne, amma bakinsa ba shi da linzami.

Abin da ban zata ba shi ne fushin Uwata, kuma ba a kaina ya sauka ba. Yamma ta fari da la'asar ta wuce sama babu komai, ta daɗe da allura a hannu ba ta soka ba. Ta biyu ma haka. Ta uku na dawo daga gona na tsaya wanke ƙafa a bayan ɗakinta, na ji tana yi masa saƙon murya. Ba laɓe na yi ba, ƙafar ce ta yi taɓo da yawa.

Tana cewa, "Wa ya aike ka? Ni da ba na zuwa ko'ina, abu ɗaya nake jira a wuni, ka kwashe ka kai kasuwa. Ka bar mini sama wayam."

Can wayar ta yi ƙara, ta kunna. Muryarsa na haki, da alama daga ƙarƙashin ƙarfen nan ya fito. Ya ce ta yi haƙuri, tsuntsu ana sake saye, ya san wanda ya sayi farar nan mai zobe a wuya, ya roƙe shi kar ya yanka. Sannan ya ce yana da tambaya amma kar ta yi fushi. Nauyinta nawa ne?

Ta ce ba a tambayar mace wannan, kuma in ya sake ta daina ba shi wankin hula.

'Yar'azumi ce ta tona. Ta ɗauko katin asibitin Uwata ta kai wa mai kemis ya karanta mata, Laraba na zuwa ta raɗa masa a zaure: kilo sittin da takwas. Ya je wurin masu awon shinkafa ya sa aka auna masa yashi kilo tamanin. Da Uwata ta ji, ta tambaye shi goma sha biyun na mene ne, ko ya ɗauka ƙarya katin ya yi. Na ga amsar da idona, don ta bar wayar a kan tabarma, ni kuma na daɗe a kanta ina haɗa baƙaƙe. Ya rubuta: "Zani in ya jiƙe yana ƙara nauyi. Kuma ina sa rai ki yi ƙiba a gidana."

Na ajiye wayar yadda na same ta. Ranar ban ci abincin rana ba. Na ce wa 'Yar'azumi miyar ce ta yi gishiri. Ta ce, "Yaya, miyar jiya ce, jiya kuwa ka yi ƙari."

Watanni suka yi ta tafiya, ni kuma zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana a gona, in na je gona sai in ga ba abin yi. Na kama bin bakin kogi da safe, wai ina duba kwale-kwalen da na daina tuƙawa tun shekara shida. A nan nake ganinsa. Fatsar ya bayar, amma Juma'ar bai bari ba. Yakan ɗaura buhun a baya da tsohon zani, irin ɗaurin goyo, ya shiga ruwa iya gwiwa inda taɓo ya fi kama ƙafa, ya yi ta tafiya yana ƙirgawa a fili. Da fari yana kaiwa sittin ya zube. Masu wanki su yi ta dariya. Ya tashi, ya tofar da ruwa, ya koma ɗaya. Da zafi ya shigo yana kaiwa ɗari da hamsin. A azumi ma bai fasa ba, sai dai ya mayar da shi gab da shan ruwa. Tumbin ya tafi. Wuyan rigarsa ya matse, har tela ya buɗe masa. Mai shayi ya ce ƙwai uku yake ci kullum, da wake da kifi, shi da a da koko da ƙosai biyu ke kai shi azahar.

Ranar wata Laraba ya tsugunna ya gaishe ni a ƙofar gida, ya miƙe tsaye cak, hannunsa riƙe da ledar huluna, bai dafa komai ba. Na yi kamar ina kallon wani wuri.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ku karanta sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

A waccan ambaliyar, da na goya Uwata, ban kai jinga a tsaye ba. A tsakiyar lungu, daidai kwanar gidan marina, gwiwata ta dama ta saki. Na durƙusa, ruwa ya kai mini wuya, ita kuwa kanta ya nutse. Ban san tsawon lokacin ba. Na dafa katanga na yunƙura sau biyu kafin na tashi. Tana tari a kunnena, ruwan taɓo na fita ta hancinta. Katangu sun kare mu, ba wanda ya gani. Da muka hau jinga mutane suka yi ta sa albarka, wai tsohon ɗan fito har yanzu da sauransa. Na karɓa. Har na riƙa ba da labarin a majalisa, ina cewa ko tsayawa ban yi ba. Shekara uku ke nan, ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Saboda haka da na tambayi Shu'ibu ko zai iya, ni na san wanda ba zai iya ba.

Na gwada kaina. Wata safiya da 'Yar'azumi ta tafi niƙa, Uwata na barci, na shiga rumbu na jawo rabin buhun shinkafa shanshera na ɗora a baya. Na tsugunna lafiya. Miƙewa ta gagara. Sai da na sulale buhun ta gefe, na rarrafa na kama bakin ƙofa. Na zauna ina kallon gwiwar kamar wani ne ya ba ni aronta. Da 'Yar'azumi ta ga ina ɗingishi na ce ƙaya na taka.

Da damina ta kankama, sai ga su kuma, su ukun. Shu'ibu ya ce ya shirya. Ya ce in na yarda a ɗora masa buhun daga ƙofata, a gaban kowa, ya kai jinga ya dawo. Gambo ya ce shi da kansa ya ƙirga masa ɗari huɗu a cikin taɓo, kuma in an ɗaura auren nan ko Allah Ya sa a sako masa abokin dararsa. Liman ya dube ni yana jira.

Na ce, "'Yata ba buhu ba ce. Cewa na yi in ruwa ya zo. Ruwa ya zo?"

Liman ya ce Malam Ari, a ji tsoron Allah, ai ba a roƙon musiba. Na ce ban roƙa ba, maganata kawai na maimaita. Na dubi Shu'ibu. Na zaci zai yi gardama, har na tanadi amsa. Sai ya ce to, Allah Ya kai mu lafiya, ya tashi. Ya fi mini ciwo da bai yi gardamar ba.

Uwata ta ji duka daga tsakar gida. Da na shiga ɗaukarta zuwa ɗaki, ta sa hannu ta zagaye wuyana kamar kullum, amma ba ta ce sannu Baba ba. Tun ranar ba ta ƙara cewa ba.

Kowa a unguwa yana addu'ar kar ruwa ya zo saboda shinkafarsa da katangarsa. Ni ma ina yi, har na fi kowa daɗewa a sujada. Dalilina ne dai daban.

Watan tara ya kama, kogi ya fara cika yana taɓa saiwar giginyar da muke auna shi da ita. Wayoyi suka rikice. Wannan ya ce an saki ruwa daga sama, wancan ya ce ƙarya ne, wani ya turo hoton wani gari da rufin kwano kawai ake gani. Maza suka koma kan jinga da shebur da buhuna. Ɗana Ja'afaru ya bugo daga Kano sau uku a rana ɗaya, in kwashe su in kai cikin gari gidan surukansa tun hanya tana bushe. Na ce ruwa bai taɓa kora ta ba sai na ga idonsa. Amma a raina na ga mafita. In Uwata ta tafi a keke-napep tun yanzu, babu goyo, babu magana. Na je na same ta na ce ta shirya gobe.

Ta ce tana da hula uku da ta yi alkawari, ba za ta iya aiki a gidan mutane ba, a bari sai jibi. Jibi ta ce gata. Na yi mamaki, don ita ce mai tsoron ruwa, ko randa aka cika da yawa sai ta kau da kai. A cikin kwanakin na ga hannuwanta da ƙafafunta sun yi jajir da lalle. Na tambayi 'Yar'azumi bikin wa ake yi. Ta ce, "Yaya, zafin tafin hannu ke damunta, magani ne." Ni da na yi shekara saba'in a duniya, na yarda.

Ranar Talata bayan azahar jinga ta ɓalle ta wajen gonakin yamma, ruwa ya zagayo ta bayan unguwa. Ba da gudu ya zo ba. Ya shigo lungu a hankali, ja, ɗauke da kara da takalman yara. Kafin in ɗaure buhunan hatsi a saman rumbu ya rufe idon sawu. Kafin in kwance awaki ya kai ƙwauri. Mata na wucewa da tukwane a ka, ana kiran sunayen yara. Na ji katangar wani ta faɗi can ƙasa, ƙarar kamar an sauke itace.

Na shiga ɗakin Uwata. Ƙamshin humra ne ya fara tare ni. Tana zaune a bakin gado cikin lafayar mahaifiyarta, ruwan goro mai zaren zinariya a gefe, wadda ke ƙasan akwati tun rasuwar. Ta sa kwalli. 'Yan kunnen azurfa na kakarta na kunnenta. Wayarta da zarenta da hulunan uku na cikin leda ta rataya a wuya. 'Yar'azumi na tsaye a gefe da ƙullin kaya a ka, ta ƙi haɗa ido da ni. Na ce wannan wace irin shiga ce ta gudun ruwa.

Sai aka yi sallama a zaure. Na leƙa ta ƙofar ɗaki, daga nan ana hangen zauren. Shu'ibu ne, wando a naɗe, jikinsa duk yashin buhunan jinga, tsohon zanin nan na goyo a kafaɗarsa. Ya tsaya daidai inda yake tsayawa duk Laraba, bai ƙara taku ɗaya ba. Liman na bayansa ya tattare riga. Gambo na bayan Liman, ya ɗaga wata 'yar leda sama da kansa kar ta jiƙe. Goro ne a ciki. A cikin ambaliya.

Shu'ibu ya ce, "Baba, ruwa ya zo."

Na ce ina da ido. Liman ya ce shaidu ga su, waliyyi ga shi, abin da ya rage kalma ɗaya ce, ba ta kai tsawon alwala ba. Gambo ya ce a yi da jiki, shi bai iya iyo ba, kuma katangar marina ta fara kumburi. Na ce su koma inda suka fito, gidana da mai shi.

Na juya na ba Uwata baya, na tsugunna a gaban gadon kamar yadda na saba. Ruwan ya shiga aljihun rigata, sanyinsa ya kama ƙuguna. Gwiwar ta yi ƙara, ƙaramar ƙara, amma ɗakin shiru ne. Na miƙa hannuwa baya.

Na ce, "Uwata, hau."

Ban ji hannunta a wuyana ba. Na jira. Takalmin 'Yar'azumi ya taso yana yawo a gabana.

Ta sunkuyo daidai kunnena, yadda ni kaɗai zan ji. Ta ce, "Baba, ruwan kwanar marina har yau ina jin ɗanɗanonsa. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Shekara takwas kuna ɗauka ta. Ya isa."

Na ce mata ba lokacin zance ba ne. Na ce ni ne ubanta, kuma umarni nake ba ta. Muryata ta fita da ƙarfi har zaure, na san sun ji. Ruwa ya taɓa ƙasan katifa. A waje wata katangar ta sake faɗuwa, wannan karon kusa.

Ta gyara zaman lafayarta, ta ɗora hannuwan nan masu lalle a kan cinya, ta ɗaga murya daidai yadda za ta kai zaure.

"A'a, Baba. Ba zan hau ba."